Shekarar da Kamfani Ya Hana Ɗanɗana Ƙaro

Ƙarar da na fara ji ran da Gwaggo Falmata ta kai ni rumfar ƙaro a Nguru ita ce ta buhun da aka kwance wa baki aka juye a tabarma. Kamar ƙanƙara ce ke zuba a kan rufin kwano, sai dai ta fi taushi, kuma tana ƙarewa da wani ɗan shuu na gari da yashi. Har yau in aka juye buhu a bayana, ba sai na waiwaya ba, na san ko daga wajen Kumagannam ya fito ko daga kudu da Gashuwa. Na arewa ya fi bushewa, muryarsa siririya ce.

Ku 'yan matan da kuka shigo aikin bana, na ji abin da kuke faɗa a bakin rijiya. Wai tsintar ƙaro ba sana'a ba ce, zama ne a inuwa ana hira, fari a nan, ja a can. Ni ma haka na ɗauka. Na fito daga elementare ina 'yar shekara goma sha uku, na iya boko na iya ajami, ina iya jera tashoshin jirgin ƙasa daga nan har Ikko ban tsallake ko ɗaya ba. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ce uwar rumfa a lokacin. Ita ke duba aikin dukan matan, kuma ba a ɗinke buhu sai ta tsoma babban yatsanta a shuni ta dangwala masa a wuya. Ta dubi littafin da na riƙo ta ce, "Malama, ajiye shi a can. Ƙaro bai iya karatu ba."

Kayan aikin ba su da yawa. Tabarma, faifai, rariya biyu, mai manyan idanu da mai ƙanana, 'yar wuƙa wadda ba ta fi yatsa ba, da ƙwarya huɗu. Uku manya ne, na lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku. Ta huɗun ƙarama ce, a gefen hagu ake ajiye ta, zan zo kanta.

Wata uku na yi ban taɓa ƙwarya ba, sai kankare ɓawo. In an tsaga jikin itace da sanyi, yakan yi ta tsatso da ruwa a hankali, ruwan ya daskare ya zama curi kamar ƙwan kurciya. Mai tsinka a daji ba ya tsayawa lallashi, fizga yake yi, curin ya taho da ɓawo da ƙaya, wani lokaci har da tururuwar da ta mutu a ciki. Ke za ki riƙe shi da yatsa uku, ki juya shi wajen haske, ki bi da bakin wuƙa ki ɗauke ɓawon ba tare da kin fasa curin ba. Ni kuwa in na ɗaga shi wajen haske sai in tsaya kallo, don wani kamar an kulle hantsi a cikinsa. Gwaggo takan jefo ni da ɓawo ta ce, "Malama ta tafi Makka. A jira ta dawo."

Itace uku ke ba mu kaya. Akwai dakwara, wadda Barebari ke kira kolkol, ita ce lamba ɗaya, tana narkewa a ruwa tas ba ta barin komai. Akwai dushe, ƙaronsa ya fi saurin farfashewa. Akwai ciriri, wanda in aka jiƙa shi sai ya kumbura ya yi duhu. Sabon tsinka ido ma yana rabe su. Amma in aka shanya dushe ko ciriri a rana kwana da kwanaki, sukan yi fari fes, har su fi dakwarar kyan gani. Daga nan ido ya gama nasa, sai harshe.

Ga yadda ake yi. Za ki zura hannu cikin tsibi har wuyan hannu, ki ɗauko daga ƙasa, ki ɓalli ɗan kaɗan ki ɗora a tsakiyar harshe, ki rufe baki ki jira. Dakwara ba ta da magana, narkewa take yi shiru, ta bar santsi kawai. Dushe yana da ɗan tsami can baya. Ciriri bauri gare shi, yana kama dasashi. Saboda haka mai ɗanɗano ba ta cin goro ko barkono sai an tashi daga aiki. Abin da ya taɓa baki kuwa ba ya komawa buhu har abada. A ƙwarya ta huɗu ake jefa shi, ran Alhamis a wanke a kai wa malamai sadaka su haɗa tawada. Rabin rubutun da aka yi a Nguru a shekarun nan, da ƙaron bakinmu ya kama allo.

Cikin masu kawo mana kaya akwai Buba, wani Bafillace daga dajin Kumagannam, da takarkaransa. Shi da Gwaggo abokan wasa ne, kamar yadda Fulani da Barebari suke. Tun daga ƙofa yake farawa.

"Ina baiwata? Fito ki ga kaya, fari kamar nonon safe."

"Wa ya 'yanta ka har kake ɗaga murya a gabana? Juye mu gani."

Ta zura hannu, ta ɓalla, ta rufe baki. Duk rumfa mu zuba mata ido.

"Buba, kwana nawa wannan ya yi a rana?"

"Wace rana? A daji ai kowa a rana yake."

"Dushe ne. Lamba biyu."

Ya yi dariya har ya dafa sandarsa. "In ban gwada ba ai sai ki ce na raina ki."

Haka suke kowace shekara, shi ya gwada, ita ta kama, a rabu ana dariya.

Yanzu bari in gaya muku halin kamfani mai rumfar nan, don shi ma abin koyo ne kamar wuƙa da rariya. Kamfani yana da kunne, amma na jin nesa ne. Lokacin babban yaƙin Turawa, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, mun san ran da aka nutsar da jirgin ruwa, domin waya na zuwa sai Bature ya rufe sikeli kwana uku. Mun san an sami matsala a ƙasar Indiya, domin sababbin buhuna sun daina zuwa, muka koma faci da basilla. Baturen namu Sannu-da-aiki muke kiransa, ita ce Hausar da ya iya. In wani ya yi tari a Ingila, kafin la'asar ya ji. Mu kuwa da muke tari a gabansa saboda garin rariya, rani uku muna roƙon a huda mana taga a kuma ajiye mana randar ruwan sha. Kullum akawunsa, Malam Garba, wani Bakano mai haƙuri, sai ya dawo ya ce, "An rubuta Kano."

Bayan yaƙi ya ƙare, wata rana da bazara, jirgi ya sauke wata Baturiya mai akwatin ɗaukar hoto. Aka ce marubuciyar jarida ce, ta zo ganin inda layin dogo ya ƙare. Sannu-da-aiki ya shigo da ita rumfa yana ta murmushi. Gwaggo kuwa ba ta yarda baƙo ya zo wurinta ya koma bai ga komai ba. Ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta gyara zanenta, ta ce wa Malam Garba, "Gaya mata ta matso, in nuna mata inda aikin yake." Ta ɗauki dakwara ta ɗora a harshe. Ta ɗauki dushe, ta ɗauki ciriri, kowanne a hankali, don baƙuwa ta fahimta. Da Baturiyar ta ɗaga akwatinta, Gwaggo ta tsaya cik da curin a kan harshe, ta jira har aka gama. Ta ma ƙulla mata dakwara mafi kyau a ƙyalle ta tafi da ita tsaraba. Malam Garba ya yi ta fassara cike da alfahari. Ba wanda ya tuna ya yi bayanin ƙwarya ta huɗu, don ba mu san abu ne mai neman bayani ba.

Da kaka ta yi muka dawo aiki, sai ga Bature da guntun jarida a hannu, kunnuwansa sun yi ja. Gwaggo ce a ciki, baki buɗe. Haƙoranta da ta rina da fure tun tana budurwa, jajaye masu kyau, a hoton sun fito baƙi ƙirin. Ta karɓa ta duba da kyau.

"Ai kuwa yarinyar ta iya. Dubi yadda zanena ya fito. Me ta rubuta a ƙasa?"

Malam Garba ya sosa ƙeya. "Ya Falmata, cewa ta yi alewar da 'ya'yansu ke tsotsa, ga bakin da take fara bi."

Ya ba mu sauran labarin. Iyaye mata a can sun yi ta rubuta wasiƙu, wasu ga jaridar, wasu ga masu yin alewa, wasu ga babban ofishin kamfani. Babban ofis ya bugo waya Ikko, Ikko ta bugo Kano, Kano ta bugo Nguru.

Cikin mako uku aka yi mana abin da rani uku bai samo ba. Aka shafe rumfa da farar ƙasa, aka yi daɓen siminti, aka huda taga, ba ɗaya ba, biyu. Aka kawo duro mai famfo da sabulu. Kowace mace aka ba ta farin ƙyalle ta ɗaure hanci da baki. Aka kawo wani akwati mai fuskar gilashi, da curi uku a ciki, fari da ja-ja da baƙi-baƙi, wai shi ne zai riƙa faɗa mana lamba. Aka manna takarda a bango, kuma da yake ni ce mai boko, ni aka tsayar na karanta: duk wadda aka ga ta kai ƙaro baki, ta bar aiki a ranar.

Wata tsohuwa 'yar Dagona ta ce, "Malama, karanta mana wurin da aka ce ruwan duron na sha ne."

Na ce, "Ba a rubuta ba, Iya. Na wanke hannu ne."

"To. Ashe ƙaro ne ya ji ƙishirwa."

Labari ya riga mu isa daji. A shekarar nan, ikon Allah, duk itatuwan ƙasar Barno dakwara suka zama. Kowane buhu aka juye fari ne fes. Gwaggo ta yi iya ƙoƙarinta ta bayan ƙyalle. Takan saki curi a siminti ta saurari faɗuwarsa, ta murza shi da jiƙaƙƙen yatsa ta ji yauƙinsa, ta fasa ta duba tsagin. Ta kama da yawa ta haka. Amma wanda ya iya shanya, ya kuma iya gauraya, sai harshe.

Buba ya zo ana tsakiyar sanyi da takarkari takwas, kayan da bai taɓa kawo irinsu ba.

"Na ji an sa wa baiwata takunkumi. Na zo jaje."

Gwaggo ta sa aka juye buhun farko. Ta zura hannu, ta saki curi a ƙasa, ta sake saki. Ta juya wajen akawu. "Malam Garba, wannan ba zan sa masa shuni ba."

"Ya Falmata, dubi akwatin. Ya ma fi na cikin gilashin fari."

"Shi ya sa."

Aka kira Bature. Ya ɗauki curi ya kara da gilashi, ya ce lamba ɗaya ne, a sa alama a ɗinke. Ku sani, a babban sito na Kano an san yatsan nan. Tunda aka buɗe rumfar, buhun da ke ɗauke da shuninta bai taɓa dawowa ba, har ba a kwance shi a duba. Shi ne abin da ta mallaka. In ta dangwala, ta sa sunanta a kan abin da take zargi. In ta ɗanɗana, takardar bango tana jiranta.

Ta sa hannu ta sauke ƙyallen zuwa wuya, ta ɓalla, ta ɗora a harshe, ta rufe baki ta jira kamar kullum. Sannan ta tofa a tafin hannunta.

"Dushe ne, da ciriri a ƙasa. Dakwarar ciki ba ta cika ƙwarya ba."

Bature ya daɗe yana magana da akawu a ƙasa-ƙasa. Malam Garba ya matso. "Ya ce shi bai ga komai ba. Ki mayar da ƙyallen ki sa shuni, magana ta wuce."

"Ce masa shi bai gani ba, ni na ji."

"Ya Falmata, ki duba girman Allah. Aikinki ne fa."

"Aikin nawa nake yi."

Aka sallame ta kafin azahar. Kayan Buba kuwa aka saye su a lamba ɗaya, domin Bature ya ce ba shi da ikon ƙin kaya bisa shaidar harshe, tunda a takarda babu harshe a rumfar nan. Ta naɗe tabarmarta ta ɗauki wuƙarta. Buba ya bi ta har ƙofa, ba dariya a fuskarsa.

"Ya Falmata, wallahi wasanmu na kullum na yi. Na ɗauka za ki kama ni mu yi dariya."

"Na kama ka ai. Je ka karɓi kuɗinka, yau ka sami ubangidan da ya dace da kai."

Aka kawo hatimin roba a madadin yatsa, aka ba ni, tunda ni ce mai ilimi. Ni na buga wa buhunan Buba, da na duk waɗanda suka biyo bayansa har ƙarshen rani. Hatimin yana fita tsaf, ya fi shuni kyau.

Gwaggo ta koma gidan marigayi mijinta a Gashuwa, kusa da kogi, ta kama sayar da bandar kifi. Kafin ruwan farko ya sauka waya ta zo. Masu saye a Ingila sun jiƙa kayanmu, ya kumbura ya yi duhu kamar kunun kanwa, sun ƙi shi duka. Wannan kam kamfani ya ji nan take. Bayan kwana biyu aka sa ni a motar kaya tare da Malam Garba, muka nufi Gashuwa. Muka same ta a zaure tana jera kifi a faifai.

Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, har ta ce, "Malam Garba, kifina na jiran kasuwa."

"Kamfani na neman ki."

"Ya san hanyar gidana ashe. An cire takardar bango?"

"Ba za a iya ba. Kuma rumfar ma ba za ki shiga ba, don fuskarki ce a jarida, in wani baƙo ya gan ki an shiga uku. Amma jirgi ba ya zuwa Gashuwa, baƙi ba sa zuwa. Duk mako za a ɗibi kaɗan daga kowane kaya a ƙulla, Malama ta kawo miki, ki faɗa mata lamba."

"A takarda me za a ce nake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Mai sharar sito."

"Sito nawa kamfani ke da shi a Gashuwa?"

"Babu ko ɗaya tukuna."

"To sharar ba za ta yi wuya ba."

Ta yarda bisa sharaɗi biyu. Abin da ta ɗanɗana malamai za a kai wa kamar da. Ni kuma duk zuwa sai na kwana biyu, na zauna a gabanta na koyi aikin da bakina, ba da hatimi ba.

Rani shida ina wannan hanya, da ƙulle-ƙulle a cikin kwando, kowanne da lambarsa. Ta kan ɓalla biyu, ɗaya nata ɗaya nawa, ta ce in fara faɗa. In na yi kuskure ba ta gyara mini, sai ta miƙo wani ta ce, "Sake tambayarsa." Sai a rani na uku na fara jin tsamin dushe kafin in neme shi. Kaya bai sake dawowa daga Ingila ba, har babban ofis ya aiko da takardar yabo, yana cewa sabon tsarin tsabta ya gyara ingancin ƙaron Nguru. Ni na karanta wa mata ita. Gwaggo ba ta sake taka rumfar ba har Allah ya karɓi abinsa. Shunin yatsanta ya koɗe tun a shekarar farko.

Yanzu ni ce uwar rumfa. Takardar tana nan a bango, kuna ganinta, ta yi ja don tsufa. Kuna kuma ganin nakan ɗauki curi in zaga bayan sito in dawo in faɗi lamba. Wadda ta yi wata uku tana kankare ɓawo ba ta fasa curi ba, zan zaga da ita.

Bara, shekara biyu bayan rasuwar Gwaggo, na je gidan waya zan aika wa yayana wasiƙa Kano. Kullum da soson da ke kan kanta nake jiƙa kan sarki, don mai ɗanɗano ba ta ɗora wa harshenta abin da ba ta sani ba. Ran nan soson ya bushe, ga mutane a bayana, sai na lasa. Na tsaya da shi a hannu. Ba tsami, ba bauri, santsi kawai. Dakwara ce, lamba ɗaya.

Na wuce wurin Malam Garba, ya bar aiki yanzu, yana zama a ƙofar shagon ɗansa. Na gaya masa. Ya kaɗa kai.

"Sai yanzu kika sani? Namu bai taɓa shiga alewa ba. Masu alewa na Sudan suke saye. Namu duk wurin masu buga kan sarki da ambulan yake zuwa."

"Bature ya sani?"

"Shi ke sa hannu a takardar jirgi. Babban ofis ma ya sani. Sun ga bayani zai fi farar ƙasa tsada."

Ashe duk wasiƙar da aka rubuta a kan bakin Gwaggo, sai da mai ita ta lashi ƙaronmu kafin ta jefa ta a akwati.